Agogon Hannun Yaya

Akwai wani tabo a wuyan hannuna na dama, ya zagaye shi kamar an taɓa ɗaure ni da igiya. Duk wanda ya tambaya sai in ce dutsen guga ne ya lashe ni, kuma ana yarda, don mai guga ba ya rabo da ƙuna. Ƙarya nake yi. Tabon agogon Yaya ne, kuma na gaji da ja masa hannun riga.

Yaya ita ce babbarmu, tela ce, ita ta riƙe ni da Auta bayan rasuwar iyayenmu. Mota ce ta buge ta tana tsallaka titi da ledar yadin mutane, kanta ya daki bakin kwalbati. Ta yi sati biyar a asibiti. Da ta farfaɗo ƙafar ta ɗan dawo, tana jan ta da sanda, amma hannun dama ya zube kamar ba nata ba. Magana kuma ta tafi ta bar mata kalmomin da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba: "to", "a'a", "ruwa", sai sunan da take kirana da shi tun ina yaro, Gajere. Hankalinta kuwa garau yake, tana jin komai, tana gane komai. A riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu.

Ranar sallama likitar motsa jiki ta tara mu uku a ofishinta, ni da matata da Auta. Likitar wata doguwar mace ce mai tabarau, irin mutanen da in suna magana ba ka samun wurin cusa wasa. Ta ɗaura wa Yaya wasu abubuwa biyu na roba a wuyan hannu, ja a hannun dama mai ciwo, baƙi a na hagu mai lafiya. Mu dai agogo muka sa musu suna, duk da ba su da fuska balle su faɗi lokaci. Ta ce aikinsu ƙirga motsi ne. Duk ɗagawa, duk miƙawa, duk juyawa suna rubutawa, su aika ta wayata zuwa kwamfutarta. Majinyatanta sun haura sittin, ita kuma idonta biyu ne, da wannan take gane wanda ke samun sauƙi da wanda ya kamata ta kira da gaggawa.

Sannan ta koya mana aikin. Sau uku a rana, safe da rana da yamma, a ɗaga hannun sau talatin, a buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a riƙe su a miƙe, a sa ta goge tebur da tawul, a ba ta kofin roba ta gwada riƙewa. Ta ce watannin farkon nan su ne komai, don a lokacin ne ƙwaƙwalwa ke neman sabuwar hanya zuwa hannun, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka yi da gaske, ba ta cire rai ba Yaya ta sake riƙe almakashi.

Da jin almakashi Yaya ta ɗago kai ta ce, "To."

"Idan na ga layin motsin bai tashi a kwamfuta ba," in ji likitar, "zan ba ta gado ta yi sati uku a nan, mu yi aikin da kanmu. Amma sai ɗayanku ya zauna jinya, don ba mu da mai zama da ita."

Nan kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Auta tana da ofis, matata tana da yara da ciwon baya, ni ina da shago. Babu wanda ya faɗi haka da baki, amma na ji shi a numfashin kowa.

A gidana aka sauke ta, a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Na kwaso kekenta na ɗinki daga shagonta na ajiye a baranda, daidai inda za ta riƙa hango shi in an bar ƙofa a buɗe, na ce mata yana nan yana jiranta. Shagon gugata a ƙofar gida yake, taku goma sha biyu ne daga teburina zuwa gadonta. Na ƙirga su daga baya, lokacin da ƙirgar ba ta da amfani.

Satin farko mun yi abin a yaba. Sai dai buɗe yatsun nan da zafi, Yaya takan runtse ido ta yi wani irin nishi, hawaye na gangarowa. Matata ta yi kwana uku ta ce ita ba ta da wannan zuciyar, ba za ta iya azabtar da yayar miji ba, gobe a ce da gayya ta yi. Ni kuma na ce ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bai kamata namiji ya yi ta jan jikin yayarsa ba, kamar ba ita ce ta yi mini wanka har na yi wayo ba. Auta takan zo ran Lahadi da ledar lemo, ta ɗaga hannun sau biyar, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi, su yi ta sa mata albarka.

Da muka koma bayan sati biyu, likitar ta juyo mana da kwamfutar. Jan layin a kwance yake shamɓal, sai 'yan ƙusoshi nan da can. A gaban majinyatan da ke jira ta wanke ni tas. Ta ce hannu ba ya warkewa da ledar lemo, kuma in nan da sati biyu ba ta ga canji ba, gado na nan ta ajiye, mu zaɓi mai jinya. Na fito ina huci. Ba halin da Yaya ke ciki ne ya dame ni ba, a'a, an kunyata ni a gaban mutane.

Abin ya faro ne kamar da wasa. Wata safiya matata za ta yi wa Yaya wanka, ta cire jan agogon ta ajiye mini a kan teburin guga. Don kada ya shige cikin kayan mutane sai na ɗaura shi a hannuna, na ci gaba da aiki, na manta da shi har kusan awa ɗaya. Washegari sai ga saƙon likita a wayata: "Madalla, jiya an yi ƙoƙari. A ci gaba da haka." Na nuna wa matata. Ta karanta, ta dube ni, na dube ta, sai muka kwashe da dariya. Da a ce a wannan dariyar abin ya tsaya, da yau ba ni da labarin bayarwa.

Ran Lahadi muka gaya wa Auta. Ta fara da cewa ba kyau, ta ƙare da zana mana jadawali a bayan kalanda. Ta ce kada in yi gaggawa, hannun da ya shanye ba ya goge riga arba'in rana ɗaya. Minti ashirin sau uku a rana, a hankali nake jan dutsen, duk sati in ƙara minti biyar, kamar mai ƙara gishiri a miya. Karatun da Yaya ta yi ta taka keke don Auta ta samu, ranar ya yi mana amfani. Kowa kuma ya kawo hujjarsa. Auta ta ce gida ya fi wa Yaya, warin asibiti ma ciwo ne. Matata ta ce ai lafiya ta Allah ce, ba ta roba ba. Ni na ce na ɗan lokaci ne, makarantu sun koma, kayan 'yan makaranta sun yi mini yawa, da zarar sun ragu zan zauna in yi mata aikin da kaina, har in rama na baya.

Ranar farko da na shiga cire agogon, Yaya ta dafe shi da hannun hagu ta ce, "A'a."

"Caji zan sa miki, Yaya. Yanzu zan dawo da shi."

Ta dube ni, ta janye hannunta. Kwana uku ina wannan ƙaryar. A na huɗu ta jawo ƙafa da sandarta har bakin shago, wataƙila ruwa take nema, ta tarar da ni ina jan dutse a hankali a kan wata farar riga, jan agogon yana wuyan hannuna. Ta daɗe tana kallon hannun nawa, sannan ta juya. Na ji ƙarar sandar tana komawa, kuma wallahi ban ajiye dutsen ba, sai da na cika mintina ashirin.

Tun daga ranar ba ta sake hana ni ba. Da na turo ƙofa sai ta kama hannun daman da na hagu, ta ɗago shi ta miƙo mini, maɓallin agogon yana sama don kada in sha wahalar nema. Ta ce, "To." Ni kuma na ɗauki wannan "to" ɗin na sa a aljihu, na ce wa matata ai ita ma Yaya ta fi son haka.

Jan layin ya riƙa hawa kamar matakala. Likita ta ji daɗi, ta mayar da zuwanmu wata-wata. Da watan ya cika na je ni kaɗai na ce Yaya na mura, kuma shiga mota na wahalar da ita. Likitar ta kira Yaya a waya, ta tambaye ta ko ana yi mata aikin, ko tana jin sauƙi. Yaya ta ce, "To." Me kuma za ta ce? A nan likitar ta gaya mini ta ba wani dattijo gadon da ta ajiye, tunda mu Allah ya taimake mu da dangi na gari. Na ce mata ai yi wa kai ne. Da na fito har tsayawa na yi na sha lemon kwalba mai sanyi, don jin an sauke mini kaya.

A ɗakin kusa da kicin kuwa hannun yana tafiya inda ya ga dama. Gwiwar hannun ta fara lanƙwashewa ta manne da ƙirji. Yatsun suka dunƙule, babban ya shige ciki, sauran suka rufe shi. Sa riga ya zama faɗa, sai matata ta ɗauki almakashin Yaya ta farke hannun dama na rigunanta, rigunan da ita ta ɗinka wa kanta, masu ƙananan tattara a kafaɗa da mata ke zuwa daga nesa a yi musu irinsu. Yaya na zaune tana kallo ana farke su. Da hagu take cin abinci, yana zuba, yara suna dariya, sai muka ce a riƙa kai mata ɗaki don a rufa mata asiri. Keken ɗinkin da na ce yana jiranta aka fara ɗora masa kwandon wanke-wanke, daga baya bokiti, daga baya takalman yara. Ƙofar ma aka koma rufewa saboda ƙuda.

Wani wari ya fara tashi a ɗakin. Matata ta ce katifa ce, aka shanya ta. Bai tafi ba, aka ce bango ne ke jiƙa, aka sayo turaren fesawa. Ni kuma akwai abin da nake ji daga shago duk lokacin da na karɓo agogon na fara guga: ƙarar gado, da nishi, da wani gunaguni mai tsari kamar na mai ƙirga. Na san daga ɗakinta yake fitowa. Ban taɓa yin takun nan goma sha biyu don in duba ba, rediyo nake ƙara wa murya.

Kayan 'yan makaranta suka ragu, wasu suka zo. Mai guga ai ba ya rasa abin gogewa in yana so. Har na gaji da jadawalin Auta, na koma ɗaura agogon tun safe in manta da shi sai yamma. Zafin dutse da gumi suka taru a ƙarƙashin robar, ƙuraje suka feso, na yi ta susa har wurin ya kwaile. Matata ta yi ta faɗa, ba don Yaya ba, don kada in tona mana asiri da yawan aiki. Gaskiyarta kuwa.

Cikin wata na huɗu likita ta kira ni cike da murna. Ta ce ba ta taɓa ganin hannu ya dawo haka ba. Ranar Laraba akwai sababbin majinyata da suka karaya, tana so in kawo Yaya su gan ta da idonsu su sami ƙarfin gwiwa, daga nan a yi awon ƙarshe a karɓi agogunan. Na ce mura ta dawo. Ta ce to ba komai, ita za ta biyo gidan in ta tashi aiki. Na ce a'a, za mu zo.

Kwana biyu suka rage. Na rufe shago na shiga ɗakin, wai zan yi aikin wata uku a kwana biyu. Na zauna a bakin gado na kama hannun, abin da ban yi ba tun satin farko. Kamar icce na kama. Na ja yatsa ɗaya, ya ƙi. Na sa ƙarfi, Yaya ta yi ƙara, yatsan ya ɗan ɗaga, sai warin nan ya bugi hancina. Ashe ba katifa ba ce, ba bango ba ne. Farcenta ne ya yi tsawo a cikin dunƙulen, ya nutse a tafin hannun, wurin ya yi ruwa. Wata uku babu wanda ya buɗe hannun ya wanke, balle ya yanke farce. Matata takan zuba ruwa ta sama ta goge bayan hannun ta wuce.

Na kira matata ta gani. Ta toshe hanci da gefen zane ta ce ita ai ta zaci ni nake dubawa, tunda ni nake cire agogo kullum. Na kira Auta a waya, ta ce a goge da ruwan ɗumi, a lulluɓa mata babban mayafi ranar Laraba, a ce da likita jiya-jiyan nan hannun ya riƙe saboda sanyi. Ita ba za ta sami zuwa ba, suna da taro a ofis. Haka kuwa muka yi. Na mayar wa Yaya jan agogon, na sa riga mai dogon hannu, muka tafi.

Majinyatan suna zaune a jere a kan benci, su biyar, kowa da ɗan'uwansa, kowa da agoguna biyu sababbi. Likita ta taso da fara'a, ban taɓa ganin haƙoranta ba tun da na san ta sai ranar. Ta gaishe da Yaya, ta ce ta ɗaga wa mutane hannu su gani. Hannun bai motsa ba a ƙarƙashin mayafin. Likitar ta sa hannu ta yaye mayafin.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka tana kallo ba. Ta dai mayar da mayafin a hankali, ta ce da majinyatan su yi haƙuri, ta shigar da mu ofis ta rufe ƙofa. Na shirya jin faɗa, har na tanadi maganar sanyin da Auta ta ba ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gwada gwiwar hannun, ta gwada yatsun, ta shinshina tafin, ta kira ma'aikaciyar jinya ta zo da kayan wanke ciwo. Sannan ta zame jan agogon ta dubi fatar da ke ƙarƙashinsa, sumul, babu ko alamar roba. Ta juyo gare ni.

"Naɗe hannun rigarka."

Na naɗe. Ƙurajen suna nan a zagaye, faɗinsu daidai faɗin robar.

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ita ma da nata laifin, ta yarda da layi ba ta nemi ganin mutum ba. Wannan maganar ta fi mari zafi, don na zo da shirin kare kaina, sai ga wadda muka yaudara tana ɗaukar kason da ba nata ba. Ta kunna kwamfuta ta buɗe jan layin, dogayen tsaunuka tun safe har yamma, duk gugata ce. Daga nan ta ce bari ta duba baƙin, na hannun hagu, wanda ba ta cika kula da shi ba tunda hannun lafiya ne. Ta riƙa matsar da shi, kwana bayan kwana. Ta ce in matso.

A kowace rana akwai 'yan tuddai uku, ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Ta faɗaɗa ɗaya, ƙananan hawa da sauka ne a jere. Ta ƙirga su da bakin biro, talatin. Ta buɗe wani, talatin. Ta koma baya wata ɗaya, wata biyu, har ranar da na fara cire agogon. Babu ranar da aka tsallake, har ranakun da na ce tana mura.

"Yaya," in ji likitar, don ita ma haka take kiranta, "me kike yi a nan?"

Yaya ta kama wuyan hannun daman da na hagu, ta ɗaga shi iya inda zai iya zuwa, ta sauke, ta sake ɗagawa, tana wannan gunagunin da nake rufewa da rediyo. Ƙirga take yi, da bakin da ba ya iya faɗin lamba. Ita kaɗai a ɗakin da muka rufe, tana yin aikin da mu uku masu hannu shida muka kasa.

Likitar ta ce shi ya sa kafaɗar ba ta daskare ba, ita ta ceci abarta. Amma yatsu ba sa buɗuwa da hannu ɗaya, sai wani ya riƙe wuyan hannun, ya miƙe su da ɗayan. Wannan ne kaɗai abin da ba za ta iya yi wa kanta ba, kuma shi ne aka bar mata. Na tambaya ko za a iya gyarawa. Ta ce za a yi allura, a sa abin ɗauri, a yi ta miƙarwa, wataƙila tafin ya buɗe har a riƙa wanke shi ba ciwo. Almakashi kuwa kada in sa rai. Gado ma babu sai nan da wata biyu.

Sai ta ɗauko takarda ta ce dole ta rubuta abin da ya faru, kuma tana so ta ji daga bakin mai ciwon. Ta nuna ni da biro.

"Shi ne yake cire miki agogon?"

Yaya ta dube ni. Ta miƙo hannun hagu ta jawo hannun rigata ƙasa ta rufe ƙurajen, ta dafe wurin da tafinta, yadda take rufa mini asiri ina yaro in na yi ɓarna.

"A'a," in ji ta.

Likitar ta ajiye biron. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kafin mu isa gida hujjoji sun riga mu. Auta ta ce laifin na'ura ne, wane irin abu ne da ba ya bambance hannun mace da na namiji? Matata ta ce laifin likita ne, wata uku ba ta ga majinyaci ba tana ta tura madalla. Dangin da ake tura wa hoto suka ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ban yi musu da kowa ba, amma na san ƙaddara ba ta iya ɓalle maɓallin agogo ba, yatsuna ne suka ɓalle shi, sau casa'in da wani abu. Babu wanda ya doki Yaya a gidana, babu wanda ya zage ta, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Duk wanda ya shigo zai ce muna ƙoƙari, mu ma haka muke gaya wa kanmu. Minti ashirin sau uku a rana kawai aka nema a wurinmu, muka ga ya yi yawa a kan matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan keke saboda mu. Har wahalar shirya ƙarya muka sha, da jadawali da komai, wadda ta fi ta gaskiyar yawa.

Likita ta mayar mata da agogunan, ta ce a fara daga inda ake. Da muka dawo na sauke bokiti da takalma daga kan keken, na goge shi, sai kuma na rasa ko alheri na yi ko mugunta, don yanzu ba jiran kowa yake ba. Washegari da safe ban buɗe shago ba. Na ɗebi ruwan ɗumi a roba, na ɗauki tawul da abin yanke farce, na yi takun nan goma sha biyu. Na tsara abin da zan faɗa, in roƙi gafara, in yi alkawari.

Na tura ƙofa. Yaya na zaune a bakin gado, ta riga ta shirya. Da ganina sai ta kama hannun daman da na hagu, ta ɗago shi ta miƙo mini, maɓallin agogon yana sama, yadda na koya mata.

"To, Gajere," in ji ta.